YAWON BUƊE IDO A KAN KEKE: HANYOYIN KARKARAR JIGAWA DA ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Kamar yadda kowa ya sani, keke ba baƙon abu ba ne a karkarar Jihar Jigawa. Da shi manomi ke zuwa gona, da shi malamin makaranta ke isa ƙauyen da aka tura shi, da shi kuma ake kai buhun gero kasuwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, magidanta da yawa sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu sun mayar da su bakin aiki. Sai dai akwai wani amfanin keke da ba mu saba da shi sosai ba, wato mutum ya ɗaura guzurinsa ya yi tafiyar kwana biyu ko uku ko mako guda, ba don fatauci ko ziyarar dangi ba, sai don ya ga ƙasa, ya san mutanenta. Wannan shi ake kira yawon buɗe ido a kan keke.

Mun ga ya dace mu yi wa jama'armu na karkara da jami'an ƙananan hukumomi bayani a kan wannan al'amari, domin duk wanda ya hau keke da wannan niyya ta ƙofar gidajensu zai bi, kuma a hannunsu amincinsa yake.

Me ya bambanta shi da sauran tafiye-tafiye?

A ƙasashen Turai wannan harka ta daɗe da kafuwa, har an tsara manyan hanyoyi 17 da ake kira EuroVelo, waɗanda suka ratsa ƙasashe daban-daban domin masu keke. A shekarar 2018 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga watan Yuni ta zama Ranar Keke ta Duniya.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne bambancin da ke tsakanin baƙon mota da baƙon keke. Mai mota yakan taso daga birni da ruwansa da abincinsa, ya wuce ƙauye goma bai tsaya ba, abin da zai bar musu ƙura ce kawai. Mai keke kuwa, idan yana ɗauke da kaya, abin da yakan ci a sa'a guda bai cika wuce kilomita 12 zuwa 15 ba, kuma kilomita 50 zuwa 70 sun ishe shi a yini. Ba zai iya ɗaukar ruwan yini biyu ba, ba zai iya ɗaukar abincin mako ba. Dole ya tsaya wurin mai shayi, ya sayi ƙosai, ya sha fura da nono, ya nemi mai faci, ya nemi masauki. Kuɗin ba su da yawa, amma a hannun talaka suke sauka kai tsaye, ba tare da wani dillali a tsakani ba.

Yanayin ƙasarmu

An ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, tana da ƙananan hukumomi 27 da masarautu 5, wato Haɗeja, Dutse, Gumel, Kazaure da Ringim. Mafi yawan ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, abin da ke sauƙaƙa wa mai koyon doguwar tafiya, amma ba a rasa tuddai da duwatsu da za su gwada ƙarfin gwiwar mutum ba. Ana iya kasa ta gida uku ga mai keke.

Na farko shi ne yankin duwatsu na kudu. Garin Dutse kansa daga duwatsun da suka kewaye shi ya samo suna, kuma wanda ya hau zuwa unguwar Garu, inda tsohuwar fadar Sarki take, zai hango gonaki da itatuwan dabino da aka san garin da su. Daga nan zuwa Birnin Kudu tafiyar rabin yini ce ga wanda ya yi sammako. A Birnin Kudu ne ake da zane-zanen mutanen da a jikin duwatsu irin su Dutsen Habuɗe da Dutsen Mesa, inda aka zana shanu marasa tozo, irin waɗanda ba a kiwonsu a yankin yanzu. Akwai kuma duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa idan an buga su, waɗanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Waɗannan wurare suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, saboda haka ba a taɓa zanen, ba a jiƙa shi da ruwa don ya fito a hoto, ba a kuma rubuta suna a jikin dutsen. A arewa maso yamma ma, wajen Kazaure da Roni, akwai tsaunuka da hanyoyi masu hawa da gangara.

Na biyu shi ne yankin jigayi, wato tuddan yashi waɗanda jihar ta samo sunanta daga gare su. Wanda ya bi ta Jahun zai ga yadda hanya ke hawa tudu ta gangara kwari, ta sake hawa, gonakin gero da riɗi da zoɓo a hagu da dama. A kan kwalta wannan ba wahala ba ce. Amma a hanyar burji ko turbar shanu, yashi yakan riƙe taya har sai mutum ya sauka ya tura, kilomita biyar su zame masa kamar ashirin. Duk wanda zai tsara tafiya a wannan yanki ya tambayi mutanen gari halin hanya, kada ya dogara da abin da taswirar waya ta nuna masa.

Na uku shi ne fadamun kogin Haɗeja, daga Ringim da Taura zuwa Auyo, Haɗeja, Kiri Kasamma da Guri. Nan ƙasa a miƙe take, ga shinkafa da alkama da kayan lambu na noman rani, ga masunta. A Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma ne dausayin Baturiya yake, wanda a shekarar 2008 aka sanya shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Tsuntsaye kan taso tun daga Turai su ƙetare hamada su yi hunturu a nan. Keke ya fi kowane abin hawa dacewa da irin wannan wuri, domin ba shi da ƙarar da za ta kori tsuntsu.

Lokacin da ya dace

Mafi kyawun lokaci shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwa ya janye, hanyoyi sun bushe, an yi girbi, abinci ya wadata a ƙauyuka, kuma a lokacin ne baƙin tsuntsaye ke nan. Abin lura kawai shi ne hazo da iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas. Wanda ya nufi Haɗeja daga Dutse zai yi ta fama da ita a fuska, wanda ya juyo kuwa ita za ta riƙa tura shi.

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma doguwar tafiya da tsakar rana a wannan lokaci ganganci ne. A damina kuwa, musamman Agusta da Satumba, hanyoyin fadama kan yanke. Ba mu manta da ambaliyar shekarar 2022 ba, wadda ta karya gadoji ta raba garuruwa da juna a sassa da dama na jihar. Kada mai keke ya kuskura ya ratsa ruwan da ke gudu a kan hanya, ko da ya ga kamar bai kai gwiwa ba.

Shirin matafiyi

Ba sai da keke mai tsada ake wannan tafiya ba. Irin kekunan da iyayenmu suka hau, masu ƙarfin ƙarfe da kariya a baya, sun isa, kuma suna da wata fa'ida: kowane mai gyara a ƙauye ya san su, kayansu kuma suna samuwa. Keke mai giya ya fi daɗin hawan tudu, amma idan wani abu ya karye a jikinsa, sai an koma birni.

Kafin a tashi a duba birki da sarƙa da taya, a daidaita sirdi da tsawon ƙafa. A riƙe famfo da kayan faci da ƙarin tiyub, domin tsidau da ƙayar aduwa ba sa raga wa taya. A riƙe fitila da ƙararrawa da hular kwano, da tufafi masu haske da direba zai hango daga nesa. A ɗauki ruwan da bai gaza lita uku ba, a kuma cika gora a duk famfon da aka tarar. Idan jiki ya fara saki saboda gumi, a haɗa ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita guda ta ruwa mai tsabta.

A tashi bayan sallar asuba, a huta a inuwa daga hantsi mai zafi zuwa la'asar, a kuma tabbata an isa masauki kafin magariba. A bi hannun dama kamar yadda doka ta tanada, a jere ɗaya bayan ɗaya. A guji babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa Shuwarin da Kiyawa gwargwadon iko, saboda manyan motoci. Haka nan a lura da ranakun kasuwa. Kasuwar Gujungu tana ci ranar Lahadi, ta Maigatari kuma ranar Alhamis. Dukkansu abin kallo ne, amma a waɗannan ranaku hanyar da ta saba zama shiru takan cika da motocin dabbobi da na hatsi.

Batun tsaro

Nan ne muke so a fi mayar da hankali. Saboda matsalar tsaro da ta addabi wasu sassan arewacin ƙasar nan a shekarun baya-bayan nan, mutanen ƙauye sun daina sakin jiki da baƙuwar fuska, kuma ba za a ga laifinsu ba. Mutum uku ko huɗu a kan kekuna, da jakunkuna a ɗaure, suna ɗaukar hoto suna tambayar sunayen garuruwa, abu ne da zai iya tayar da hankali. Jita-jita kuwa ba ta da birki. Kuskure ɗaya zai iya jawo asarar ran wanda bai ji ba bai gani ba, ya kuma ɓata sunan gari shekara da shekaru.

Maganin wannan yana cikin al'adarmu tun asali. Baƙo ba ya kwana a gari sai ya gai da mai gari. Saboda haka wajibi ne matafiyi ya riƙe katin shaidarsa, ya sanar da ofishin 'yan sanda da sakatariyar ƙaramar hukuma hanyar da zai bi, kuma duk inda zai kwana ya fara sauka a ƙofar mai unguwa ko bulama ko dagaci. Kada ya kafa tanti a daji. Kada ya ɗauki hoton mata ko cikin gida ko jami'an tsaro ba da izini ba. Kada ya ratsa gona ko tsakiyar garke, kuma ya sa suturar da ta dace da mutuncin wurin.

Su kuma mutanen gari, idan sun ga baƙon da ba su gane masa ba, su yi masa sallama, su tambaye shi, su raka shi wurin mai unguwa. Idan da abin shakka, a sanar da hukuma. Kada a yi masa ihu, kada a tara masa jama'a, kada kowa ya ɗauki doka a hannunsa. Muna roƙon iyaye su hana yara bin masu keke da gudu ko jifa ko rataya a kariya, domin hakan na jawo faɗuwa.

Abin da jami'ai za su iya yi

Yawancin abin da ake buƙata ba ya cin kuɗi mai yawa. Allon da ke ɗauke da sunan gari da nisan gari na gaba yana amfanar kowa, har da direban motar asibiti. Gyaran famfon da ke bakin hanya, da cike ramin da ruwa ya ci a gefen kwalbati, da sare ƙayar da ta rufe gefen titi, ayyuka ne da sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ya saba da su. Hakimai za su iya sanar da dagatai tun da wuri idan an san akwai matafiya a hanya. Jami'an yaɗa labarai kuma za su iya tattara bayanin inda ake samun masauki da asibiti da mai gyaran keke a kowace gunduma. Haka nan a ja kunnen duk wanda zai tare hanya ya karɓi kuɗi a hannun baƙo da sunan haraji, ko ya ninka masa farashi don ya ga ba ɗan gari ba ne. Baƙon da aka cuta ba ya dawowa, kuma ba ya yin shiru.

Ya kamata a lura cewa duk gyaran da aka yi saboda baƙo, ɗan gari ne zai fi cin moriyarsa, domin baƙo sau ɗaya zai bi hanyar, ɗalibin da ke zuwa makaranta a keke kuwa kullum sai ya bi ta.

Daga ƙarshe, muna kira ga matasanmu da kada su jira sai wani ya zo daga nesa ya ba su labarin ƙasarsu. Akwai ɗan Gumel da bai taɓa ganin zanen Birnin Kudu ba, akwai ɗan Gwaram da bai taɓa taka Baturiya ba. A haɗu mutum uku ko huɗu, a nemi izinin iyaye, a fara da tafiyar yini guda, sannan a ƙara. Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Allah ya kiyaye hanya, ya kuma zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, amin.