3.4 Matsalolin Amfani da Na'urar Ƙirga Taku Wajen Binciken Lafiya a Samaru da Sabon Gari

A wannan kashi za a dubi wahalhalun da mai bincike zai ci karo da su idan ya raba wa mutanen Samaru da Sabon Garin Zariya na'urar ƙirga taku. Na'urar dai 'yar ƙarama ce, akan ɗaura ta a wuyan hannu kamar agogo, ko kuma a ƙugu, ta riƙa auna motsin jiki tana mayar da shi lissafi. Masu binciken lafiya suna buƙatarta ne domin gano ko mutum yana cika minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya a 2020. A Arewacin Nijeriya ma an taɓa aiki da irinta, a binciken da Adewale Oyeyemi da abokan aikinsa suka gudanar a Maiduguri, wanda aka buga a 2014.

Babbar matsalar ita ce, an tsara lissafin na'urar ne bisa tafiya da gudu, alhali yawancin aikin ƙarfi a wannan yanki ba tafiya ba ce tsantsa. Alal misali, ɗan dako a kasuwar Sabon Gari yakan ɗauki buhun masara a ka, ya dafe shi da hannu. Tun da hannun ba ya lilo, na'urar wuyan hannu za ta iya kasa ƙirga takunsa da yawa, kuma ba ta san nauyin da ke kansa ba. Haka abin yake ga mai tura kurar ruwa da manomin da ke tuƙa keke zuwa gona. A ɗaya ɓangaren kuma, matar da ke daka ko wanki tana tsaye wuri guda, amma na'urar ta rubuta mata taku. Wanda ya hau babur a kan hanya mai gargada shi ma yakan samu takun da bai yi ba. Ashe ke nan adadin da aka samu zai iya nuna ɗan dako a matsayin mai ƙarancin motsi, wanda kuwa kuskure ne babba idan a kansa za a gina shawarar kariya daga hawan jini ko ciwon suga.

Sai kuma batun cirewa. A irin wannan bincike akan nemi mutum ya ɗaura na'urar kwana 7, kuma galibi ba a karɓar sakamakonsa sai ya cika awa 10 a yini na aƙalla kwana 4. To, Musulmi yana salla sau biyar a rana, kuma alwala tana buƙatar ruwa ya game hannu har gwiwa. Saboda haka da yawa za su kwance na'urar, kuma mayar da ita ba kullum ake tunawa ba. Wanda ya cire ta da asuba ya manta, yininsa ya tafi a banza. Idan aka zubar da sakamakon irin waɗannan mutane, waɗanda suka rage ba lalle su wakilci al'umma ba.

Wutar lantarki ma abin dubawa ce, domin na'urorin kasuwa irin su Fitbit suna buƙatar caji bayan 'yan kwanaki, da babbar waya da intanet don tura bayanai. Wannan kan karkatar da mai bincike zuwa ga ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello, su ne masu sauƙin samu a Samaru, ya bar manoma da matan aure.

Bugu da ƙari, akwai batun yarda. Jama'ar Arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, don haka abin da za a ɗaura wa mutum dare da rana dole ya jawo tambaya: wa zai ga bayanan, ina za a kai su? Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman. Ga matar da ke cikin kulle kuwa, ban da amincewarta, akan nemi iznin maigida, kuma mace ce ta dace ta shiga gidan ta yi mata bayani da Hausa, ta ɗaura mata.