Shawarar jariri da ta wuce mako biyu: duba kalar kashinsa tun kafin arba'in

Uwargida, in kina jego ko akwai mai jego a gidanku, wannan maganar taki ce. Jarirai da yawa kan yi shawara a kwanakin farko, ido da fata su yi rawaya, sannan ta washe cikin mako biyu. Amma akwai wata shawarar da ba ta washewa, domin tushenta toshewar hanyoyin madaciya ne.

Hanta ce ke haɗa ruwan madaciya, ya bi ta wasu siraran hanyoyi ya zuba a hanji. Shi ne ke taimakawa wajen narkar da maiƙo, shi ne kuma ke ba kashi kalarsa. A wasu jarirai waɗannan hanyoyin kan kumbura, su yi tabo, su toshe. Ruwan sai ya taru a hanta yana lalata ta a hankali, alhali jaririn yana shan nono lafiya, har ana cewa yana ƙiba.

Alamomi uku za ki lura da su: shawarar da ta haura kwana 14, kashi fari ko ruwan toka kamar farar ƙasa, da fitsari mai duhu da ke rina zani. Kashin lafiyayyen jariri rawaya ne ko kore. Ki duba shi da rana, domin hasken tocila kan ɓoye kala.

Har yanzu masana suna binciken musabbabin cutar. A 2015 masu bincike a Amurka sun gano wata guba a jikin wani tsiro na Ostireliya da ke haddasa irin wannan toshewar ga 'ya'yan tumaki, ana kuma nazarin rawar ƙwayoyin cuta. Ba laifin nononki ba ne, ba kuma wani abu kika ci ba.

Maganinta tiyata ce. Likitan Japan, Morio Kasai, ya bayyana ta a 1959: ana cire hanyoyin da suka toshe a jona hanji kai tsaye da hanta. An fi samun nasara in an yi ta kafin jariri ya cika kwana 60. In an makara, abin da ya rage shi ne dashen hanta. Shi ya sa Taiwan ta fara raba wa iyaye katin kalolin kashi a faɗin ƙasar tun 2004, aka kuma samu ƙarin jariran da ake yi wa aiki a kan lokaci.

Yanzu ki yi lissafi. In kika ce sai kin yi arba'in za ki fita, kwana 20 kacal suka rage na gwaji, takardar turawa da neman kuɗin aiki. Shanya jariri a rana, ruwan gulukos ko jiƙo ba sa buɗe hanyar da ta toshe.

In kin ga alamun nan, ki ɗauki hoton kashin da wayarki, ki nuna wa maigida da kakarsa, ku tafi Babban Asibitin Gwarzo ko asibiti mafi kusa da ku a Kabo a ranar. Ki faɗa wa likita kwanakin jaririn da kalar kashinsa, ki nemi gwajin jini na hanta. In ana zargin toshewa, a tura ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake da likitocin tiyatar yara.

Ki tura wa 'yar'uwarki mai jego wannan yau. Allah Ya raya mana zuri'a.