Katafaren Filin Ƙwallo Ba Zai Raya Birnin Zariya Ba

Duk sa'ad da aka taɓo maganar raya cikin birnin Zariya, ba a rasa mai cewa a gina katafaren filin wasa, wai shaguna za su biyo baya, filaye su yi daraja, a tada sababbin gidaje. Lissafi bai goyi bayan wannan fata ba. Ƙungiyoyi 20 ne ke buga babbar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, kowace da wasa 19 a gida. Ke nan ko da Zariya na da ƙungiya a gasar, kwana 19 filin zai ga jama'a a shekara, sauran kwanakin ƙofa a garƙame. Wa zai kama hayar shago don cinikin kwana 19?

Za a ce ai ga Kano. Gaskiya ne, ranar da Pillars ke wasa a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, mai rake ba ya ajiye wuƙa, mai ruwan leda kan ƙarar da buhunsa kafin hutun rabin lokaci, 'yan adaidaita na lodi ba ƙaƙƙautawa. To, amma kuɗin daga ina? Daga aljihun 'yan garin ne. Abin da saurayi ya kashe a bakin fili, shi ne da ma zai ba mai shayin unguwarsu. Kuɗin ya sauya hannu, bai ƙaru ba. Littafin da masana tattalin arziki Roger Noll da Andrew Zimbalist suka tsara a 1997 ya binciki filayen biranen Amurka, bai sami wata bunƙasa ta a zo a gani ba. Hada-hadar Ƙofar Mata kuwa, da marinarta, ta girmi filin da ɗaruruwan shekaru.

Tarihin Zariya ma ya isa shaida. Jirgin ƙasa da ya iso a 1911 ne ya kafa Sabon Gari, Jami'ar Ahmadu Bello ta 1962 ta bunƙasa Samaru, domin ɗalibi kullum yana bukatar ɗaki da abinci da mai wanki. Cikin ganuwa kuwa, daga Babban Dodo zuwa Kwarbai, gidajen gado ne manne da juna, da zauruka inda malamai ke biya karatu, maɗinka na sunkuye kan aikin babbar riga. Filin dubban 'yan kallo da wurin ajiye motocinsu ba zai samu a nan ba sai da rusau, diyya kuma ba ta mayar wa mutum maƙwabtansa.

Matasan birni sun cancanci wurin wasa, wannan ba gardama. A kewaye ƙananan filayen unguwanni kafin a yanka su fuloti, a sa musu raga da fitila. Ragowar kuɗin a kawo ruwan famfo, a gyara magudanan ruwa, a ba maɗinka wuta. Masu wakiltar Zazzau su fara daga nan.