Rawani a Hannun Majalisa

Cikin shekara biyar, mutanen Bebeji da Tudun Wada da Doguwa sun sauya masarauta aƙalla sau biyu ba tare da sun ɗaga ƙafa daga gidajensu ba. A watan Mayun 2019 gwamna Abdullahi Ganduje ya sa hannu kan dokar da ta yanki Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi daga masarautar Kano, aka sa Bebeji da Tudun Wada da Doguwa ƙarƙashin Rano. Ranar 23 ga Mayun 2024 gwamna Abba Kabir Yusuf ya rushe dokar, aka mayar da su Kano. Da aka dawo da masarautar Rano a watan Yuli da daraja ta biyu, Rano da Bunkure da Kibiya kaɗai aka bar mata. Ba wannan ne farau ba, domin gwamna Abubakar Rimi ya ƙirƙiri sababbin sarakuna a 1981, gwamna Sabo Bakin Zuwo ya soke su a 1983.

Masanin Jamus Max Weber ya ce mutane kan yi biyayya saboda gado, ko kwarjinin shugaba, ko doka. Abin da ya faru a kudancin Kano ya nuna cewa doka ta rinjayi gado, kuma dokar tana hannun wanda ke da rinjaye a majalisar dokokin jiha mai kujeru 40. Za a ce ai talaka bai daina girmama sarauta ba. Gaskiya ne. Idan shanu suka shiga gonar masara a gefen dajin Falgore, wurin dagaci ake fara zuwa kafin a tuna da 'yan sanda, shi ke zaunar da manomi da makiyayi a ƙiyasta ɓarna. Sai dai wannan biyayya ita ce ta sa 'yan siyasa ke rububin rawanin. Dagacin da ya san takarda ɗaya daga gidan gwamnati za ta iya tuɓe mai gidansa, da wuya ya faɗi gaskiyar da za ta ɓata wa gwamnati rai.

Wasu kuma za su ce 'yan majalisa zaɓaɓɓu ne, don haka jama'a ce ta yanke. Amma dokar 2019 da ta 2024 duk cikin 'yan kwanaki aka zartar da su. Ya kamata a tilasta wa majalisa zaman jin ra'ayi a Bebeji da Doguwa kafin a sake taɓa iyakar wata masarauta.