Kundin Manufofi: Daga Sanarwar Sawaba Zuwa Soke Jangali

Duk tafiyar siyasar da ta san inda ta dosa takan rubuta abin da take nema, ta baje wa jama'a. Wannan rubutu shi ne kundin manufofi. Yakan faɗi abin da ya lalace da wanda ya lalata shi, amma babban amfaninsa shi ne ɗaure masu shi da igiyar alkawari, domin abin da aka rubuta yana da wuyar musu.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Wasiƙatu Ahlis Sudan ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta yi irin wannan aiki a zamanin jihadin 1804. A siyasar zamani kuwa, wanda ya fi tasiri shi ne Sanarwar Sawaba ta jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Ba ta yi kwana-kwana ba: ta ɗora alhakin wahalar talaka a kan mulkin En'e, ta kuma ce talaka ne zai ƙwaci kansa da kansa. Masu karatun boko kaɗan ne a lokacin, don haka baki ne ya yaɗa ta, a wurin lacca da rumfunan kasuwa da bayan motocin lodi. Irin wannan magana ba ta tsayawa a shingen kwastan. Hanyar da ta bi ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi tana shiga Nijar, ƙasar da jam'iyyar Djibo Bakary, ita ma mai suna Sawaba, ta nemi a ce wa Faransa a'a a ƙuri'ar raba gardama ta Satumba 1958. Jam'iyyar ta sha kaye, aka haramta ta a 1959.

Kundi ba ya nuna ƙarfinsa sai masu shi sun hau mulki. Jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta gaji alkawarin NEPU na kawar da haraji da jangali. A 1979 Jibiya tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, kuma da Balarabe Musa na PRP ya zama gwamnanta ya soke su duka biyu, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Makiyayin bakin iyaka da ya saba kora shanunsa cikin Nijar idan masu ƙidayar jangali sun doso ruga, ya daina wannan gudun. Shi kuwa Balarabe, majalisar jihar da jam'iyyar NPN ta rinjaya ta tsige shi a Yuni 1981.