Saƙon da ke hana iyaye sa hannu a gwada 'ya'yansu

Tun makon jiya wani saƙon murya ke yawo a zaurukan WhatsApp na danginmu, musamman waɗanda ke zaune a Ingila da iyalinsu. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, amma ya yi ta da murya irin ta mai wa'azi. Ya ce duk iyayen da makaranta ta kira a kan ɗansu ba ya gane karatu, ta nemi izinin a gwada shi, kada su kuskura su sa hannu. Wai babu wata lalura mai suna disleksiya, Turawa ne suka ƙirƙiro ta don su liƙa wa 'ya'yan baƙar fata tambarin daƙiƙanci, su toshe musu hanyar jami'a. Wata 'yar'uwarmu tuni ta mayar wa makarantar ɗanta takardar ba sa hannu.

A fara kawar da sauran tarkacen da ke cikin saƙon. Cewa allurar rigakafi ce ke jawo matsalar, babu binciken da ya nuna haka. Cewa hukuma na ƙwace yaro don an gano yana da wahalar karatu, ƙarya ce. Gwajin karatu daban, shari'ar cin zarafin yara daban. Cewa za a rubuta a takardar sakamakon jarrabawarsa an ƙara masa lokaci, shi ma ba haka ba ne, ba a rubutawa.

Abin da ya sa saƙon ya kama zukata shi ne akwai tarihi na gaske a ƙarƙashinsa, kuma ban ga laifin uwar da gabanta ya faɗi ba. A shekarun 1960 da 1970 an kwashi 'ya'yan baƙar fata 'yan asalin Karebiyan da yawa a Ingila an zuba su a makarantun da aka ware wa waɗanda aka ce ƙwaƙwalwarsu ba ta kai ba, alhali lafiyarsu ƙalau. Bernard Coard, ɗan ƙasar Girenada da ya koyar a irin waɗannan makarantu a Landan, ya tona asirin a wani ɗan littafi a 1971. A Kalifoniya ta Amurka, alƙali Robert Peckham ya yanke hukunci a 1979 cewa a daina amfani da gwajin kaifin basira wajen jefa yara baƙaƙe a irin waɗannan azuzuwa. A 2007 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta samu ƙasar Cek da laifin yi wa yaran ƙabilar Roma haka a birnin Ostrava. Kuma ba a gama ba: wani bincike na Jami'ar Oxford a 2018 ya gano cewa ana sa yaran Karebiyan a rukunin masu matsalar ɗabi'a da tunani kusan ninki biyu na yadda ake sa yaran Turawan Ingila.

To amma daga “an taɓa zaluntar yara da sunan gwaji” zuwa “lalurar ba ta wanzu” akwai tafiya mai nisa, kuma mai saƙon ya yi tsalle ya haye ta ba tare da hujja ko ɗaya ba. Likitan ido Bajamushe Rudolf Berlin ne ya raɗa wa matsalar suna a 1887. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya bayyana halin wani yaro Bature ɗan shekara 14, haziƙi a lissafi da magana, amma karatu ya gagare shi. A kan 'ya'yansu Turawa suka fara ganin ta, tun kafin a sami yaranmu a azuzuwansu. An kuma same ta a cikin masu karatu da Larabci da Sinanci. Tana bin jini a cikin dangi, kuma asalinta wahalar haɗa harafi da sautinsa ce, ba ƙarancin hankali ba.

Mu ma mun san yaron nan, ko da ba mu san sunan abin da ke damunsa ba. Shi ne wanda in an karanta masa labari zai maimaita maka shi tsaf, amma in ka miƙa masa littafin sai ya dafa layi da yatsa, ya tsaya a kan kalmar da ya karanta daidai a layin sama kamar bai taɓa ganin ta ba. Shi ne mai ciwon ciki duk safiyar da za a yi shifta. A gida an sha zane shi, an kira shi daƙiƙi, wasu ma sun ce sammu ne. Yaron da ya shekara biyar yana jin haka ba ya ƙara cewa zai zama likita ko injiniya. Da kansa yake rage burinsa kafin wani malami ya rage masa.

Ko har yanzu ana yi wa yara baƙaƙe yawan tambari, ko kuwa hana su taimako ake yi? A nan masana ba su zama baki ɗaya ba. A Amurka alƙaluma na nuna sun fi yawa a azuzuwan masu buƙata ta musamman, amma binciken Paul Morgan da abokan aikinsa na 2015 ya ce in aka kwatanta yara masu maki ɗaya da halin gida ɗaya, farar fata ne suka fi samun a gano matsalarsu a taimaka musu. Wasu masanan sun ƙalubalanci hanyar binciken. Duk wanda ya gaya maka magana ɗaya tak a nan, ya wuce abin da hujja ta ba shi. Abin da babu gardama a kansa shi ne taimakon da aka fara da wuri ya fi wanda aka jinkirta amfani.

Kuma dokar Ingila ta yau ba ta 1971 ba ce. An soke rukunin waɗanda aka ce ƙwaƙwalwarsu ba ta kai ba da dokar ilimi ta 1981. Yawancin yara masu disleksiya suna nan a ajinsu tare da kowa, ana ƙara musu darasin haɗa baƙi, kuma a manyan jarrabawa ana iya ƙara musu kashi 25 cikin ɗari na lokaci. Uwar da ta ƙi sa hannu ba ta kare ɗanta daga tambari ba, domin malamai sun riga sun sa masa nasu: malalaci, ko mai taurin kai. Taimakon kawai ta hana shi.

Akwai wuri ɗaya da ya kamata iyayenmu su sa ido sosai, mai saƙon kuwa ko ambatonsa bai yi ba: harshe. Yaron da ya tashi da Hausa a gida ya shiga aji na Turanci zalla zai iya yin tuntuɓe ba don wata lalura ba. A shari'ar Diana ta 1970 a Kalifoniya, yara masu jin Sifaniyanci da aka ce ƙwaƙwalwarsu ba ta kai ba, da aka sake gwada su da harshensu sai makin yawancinsu ya tashi. Don haka, Yaya, ke da kika mayar da takardar ba sa hannu, ki koma makarantar ki tambaya: wa zai yi gwajin, me zai auna, ya san Hausa ake yi a gida? Ki gaya musu ko yaron na fama da haɗa baƙi a islamiyya ma, domin wannan bayani ne mai amfani gare su. Ki nemi a duba idonsa da kunnensa tukuna, ki kuma karɓi kwafin rahoton a rubuce, ki nemi a zauna da ke a yi miki bayaninsa kafin a yanke komai.