Cire Akwatin Sitiyarin A-kori-kura: Inda Kuɗin Mai Mota Ke Zurarewa

A-kori-kura ita ce jakin 'yan kasuwa a ƙasar nan. Ita ke kwasar tumatir da albasa daga kasuwar Mile 12 ta Legas zuwa unguwanni, ita ke shiga ƙauyukan da babbar mota ba ta iya kaiwa. Sai dai kuma lodin da ya wuce kima da ramukan hanya, ƙafafun gaba da akwatin sitiyari ne ke fara ɗanɗana kuɗarsu.

Shi wannan akwati yana ɗaure ne a jikin shasi, kuma shi ke karɓar juyin sitiyari ya miƙa wa wani hannun ƙarfe mai tura tayoyin gaba. Irinsa ne a tsofaffin Toyota Hilux masu ja da ƙafa huɗu, kafin samfurin 2005. Idan ya cinye, mai zai riƙa yoyo, mota ta riƙa yawo a kan titi, sitiyari ya yi wasa. Wasan da kamfanin Toyota ya amince da shi bai wuce milimita 30 ba.

Kafin a yanke wa akwatin hukunci, ya wajaba a duba tayarod da sauran mahaɗai, domin sau da yawa can ciwon yake, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na akwati ba. Wasu makanikai kan ƙara ɗaure notin saiti da ke saman akwatin don ɓoye wasan. Wannan rufa ido ne kawai: sitiyari zai yi tauri, ya daina komawa daidai bayan an sha kwana.

In ya tabbata sai an cire, akan miƙe tayoyi, a kulle sitiyari, a tsiyaye man, sannan a kwance bututansa biyu idan mai fawa ne. Daga nan a yi alama a mahaɗar sandar sitiyari da ta hannun ƙarfen, don a mayar da kowanne gurbinsa.

A wajen zare hannun ne ake yin ɓarna. Yana cije ne a kan haƙoran sanda mai tsukewa, tsatsa kuma ta ƙara liƙe shi, ba ya fita sai da na'urar zarewa ta musamman. Garejin da ba shi da ita, guduma da wutar walda yake sa wa. Duka na lalata cikin akwatin da watakila zai gyaru, wuta kuma na iya raunana ƙarfen da ran direba ya rataya a kansa. Bayan hannun ya fita ne ake kwance kusoshin shasi, wani ya tallabe daga ƙasa saboda nauyi.

Saura saye. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kayan gyara na waje suka yi tashin gwauron zabi, shi ya sa masu motoci da dama ke neman na hannu a Ladipo ta Legas ko Ƙofar Ruwa ta Kano. To, a lura: Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, sitiyarin motocinta na hagu ne, don haka akwatin da aka ciro daga motar Japan ko Ingila mai sitiyari a dama ba zai zauna ba. Gara a tafi da tsohon a gwada, a kuma yi sharaɗin mayarwa kafin a biya. Bayan ɗaurawa, sai an kai motar an daidaita ƙafafunta kafin ta ɗauki lodi.